Ni Da Hannuna Na Hagu Da Jitar Yaya

Yau ina roƙon ku yi mini haƙuri, zan ajiye zancen girki da renon jarirai gefe guda, in ba ku labarin wani laifi da na yi a cikin gidana, da yadda wani tsohon abin kiɗa ya tona mini asiri. Watakila wata ta ce, me ya haɗa matar aure da jita? To, ki saurara ki ji, domin zancen ya fi shafar hannun 'ya'yanmu bisa ga kiɗan kansa.

Ni dai bahaguwa aka haife ni. Tun ina rarrafe, in an miƙo mini abu, hagu ce ke fara zuwa. Goggona da ta rene ni, Allah ya jiƙanta, ba ta da mugunta ko kaɗan, amma ta ɗauki abin nan kamar wata cuta ce da ya wajaba ta warkar. In zan yi shara sai ta ɗaure mini hannun hagu da ɗankwali a ƙugu. In zan yanka kuɓewa ta karɓe wuƙar ta mayar mini dama, in yi ta yankan yatsuna. Da aka sa ni makaranta kuwa, wani malami ya ɗora daga inda ta tsaya, da na ɗauki fensir da hagu sai in ji rula a bayan hannu. Na koyi rubutu da dama, amma har yau rubutuna kamar kaza ta yi tono. Edita ma shaida ne, shi da ke fama da karatun takarduna.

Ina da shekara goma sha ɗaya Yayana ya komo hutu daga makarantar horon malamai da jita a rataye. Mu da ba mu saba ganin abin da ya wuce molo mai tsirkiya 3 da garaya mai 2 ba, sai ga abu mai tsirkiya 6, yana ƙyalli. Ran nan ya tafi kasuwa, na saci jiki na shiga ɗakinsa, na ɗora ta a cinya yadda jikina ya ba ni, watau wuyanta yana duban damana, hagu tana kaɗawa. Ina cikin jin daɗi sai ga shi a bakin ƙofa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ke ƙanwata, kome naki a baibai ne? Ai ko jita ba ki iya riƙewa ba." Na san da wasa ya faɗa. Amma na ajiye ta, ban sake taɓa ta ba.

Kwanci tashi aka yi mini aure, na haihu. Yaya ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta masa. Da aka gama zaman makoki matarsa ta ce mini, "Ungo wannan, ya sha faɗa mini ke ce mai sonta." Na kawo ta gida na rataye bayan kabad, ta yi shekara goma sha tara tana shan ƙura.

Yanzu ga laifina. Allah ya ba ni 'ya'ya mata biyu a ƙarshe, babbar da hannun dama ta ke aiki, Auta kuwa ta ɗauko ni sak. Kuna tsammani ni da na sha wuyar abin zan tausaya mata? Ina! Tsoro ne ya kama ni, kada a yi mata dariyar da aka yi mini, kada wata rana dangin miji su ce uwarta ba ta hore ta ba. Na doke mata hannu ya fi a ƙirga. Har ɗankwalin nan na Goggo sai da na ɗaura mata. Yarinya mai surutu kamar aku ta koma shiru-shiru, in baƙi sun zo sai ta cusa hagunta cikin mayafi kamar ta saci wani abu. Ina gani, ina ce wa kaina gyara na ke yi. Gaskiyar masu magana, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bara babbar ta fara koyon kiɗa a makarantarsu, ta roƙi ubansu ya yarda ta sauko da jitar kawunta. Malam ya yarda, bisa sharaɗin a cikin gida kaɗai, kuma bayan an gama aiki da karatu. Aka sayo sababbin tsirkiyoyi aka ɗaura. Ran nan ina tsince shinkafa a tsakar gida, na ji muryar babbar daga ɗaki tana cewa, "Ke Auta, kome naki a baibai ne? Kawo nan kada ki ɓata mini." Wallahi faranti ya kusa suɓuce mini. Maganar Yaya ce kalma da kalma, ga shi kuwa ba ta taɓa jin labarin ba. A gidana ta koyi wannan raini, a bakina. Na leƙa na ga Auta ta miƙa jitar, ta mai da hannunta cikin mayafi, ba ta ce uffan ba. Daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Bayan kwana kaɗan sai babbar da kanta ta zo mini da wayarta a guje, ta ce, "Inna, zo ki ga wata tsohuwa mai irin riƙon Auta." Na duba, sai ga wata baƙar fata 'yar Amurka, tsohuwa tukuf, zaune bisa kujera cikin natsuwa, jita a juye a cinyarta, tana fid da wani kiɗa mai sanyi kamar mutum biyu ke yi. Muka bi labarinta. Sunanta Elizabeth Cotten, an haife ta a 1893 a jihar Karolina ta Arewa. Ita ma da abin kiɗan yayanta ta fara, in ya fita ta ɗauka a ɓoye. Tun tana yarinya ta shiga aikatau a gidajen mutane, ta yi ta tara ɗan abin da a ke biyanta har ta sayi jitarta a kan dala 3 da santi 75. Ba wanda ya koya mata, sabo da haka ta juya abin yadda hannunta ya so, ba ta sauya tsirkiya ko ɗaya ba. Tana 'yar yarinya ta ƙago waƙarta ta jirgin ƙasa mai suna Freight Train, wadda daga baya ta zaga duniya.

Da ta yi aure ta ajiye kiɗa fiye da shekara 20. Wata rana tana aiki a wani babban kanti a birnin Washintan, ta tsinci wata yarinya da ta ɓace wa uwarta, ta mai da ita. Ashe gidan masana kiɗa ne, zuriyar Seeger. Suka ɗauke ta aikin gida. A can ta ga jita, ta ɗauka, hannu ya tuna abin da ya sani. Ɗan gidan, Mike Seeger, ya ɗauki kiɗanta a na'ura, faifanta na fari ya fito a 1958, tana da shekara 65. A 1985, bayan ta haye 90, aka ba ta lambar Grammy, babbar kyautar makaɗan Amurka. Ta rasu a 1987. Da muka gama, na dubi Auta na ga idonta yana kan hannun tsohuwar nan. Ni kuwa na ce a raina, ashe gemu ba ya hana ilmi, balle furfurar mace.

Sai rigima ta tashi. Jita ɗaya, mu uku, biyu bahagwai. Malam ya ce ba shi da kuɗin ta biyu. Na aiki ƙanensa da ita wurin wani mai gyaran kayan kiɗa, ya tambayo ko a juya mana tsirkiyoyin. Ya komo da bayani mai amfani, ga shi. Bahago yana da hanya biyu. Ta fari, ya kwance tsirkiyoyin ya sake jera su, mai kauri ta koma sama. Haka Jimi Hendrix na Amurka, wanda ya rasu a 1970, ya riƙa yi, haka kuma Paul McCartney na Ingila. Amma ba kwancewa kaɗai ba ce. Akwai ɗan ƙashi a ƙarshen wuyan jita mai tsaga shida, kowace tsaga daidai kaurin tsirkiyarta, dole a sake shi, in ba haka ba mai kauri ba ta zauna a ramin siririya. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa a cikin jitar kuma a ɗan karkace a ke dasa shi, domin mai kauri ta fi siririya bukatar tsawo kaɗan. In an juya ba a gyara shi ba, muryoyin can ƙasan wuya ba za su yi daidai ba. Ga kuma babbar matsala, in an yi haka babbar 'yata ta rasa abin koyo. Hanya ta biyu ita ce ta tsohuwar nan, a bar kome yadda ya ke, a juya jitar kawai. Muka zaɓi ta biyu.

Da na fara, kwana uku yatsuna suka yi ruwa, ga sanyin ƙashi da ke damuna in hunturu ya shigo. Na kusa haƙura. Malamar kiɗan babbar ce ta aiko da shawara, ta ce mu sassauta tsirkiyoyin. Bari in yi muku bayanin wannan yadda na fahimta.

Turawa sun kasa muryoyin kiɗansu 12, suna zagayawa kamar lambobin agogo, in an kai ƙarshe a komo farko. Sunayensu A, A#, B, C, C#, D, D#, E, F, F#, G, G#. Alamar nan # ma'anarta taki ɗaya sama. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa a gicciye, tsakanin kowane biyu ni na kan kira shi gurbi, kowane gurbi kuwa taki ɗaya ne. A na ƙirga tsirkiyoyi daga siririya, ita ce ta 1, zuwa mai kauri, ta 6. Ku riƙe wannan ƙirga, 'yan mata, domin ta fi "ta sama" da "ta ƙasa" amfani, tun da saman wata ƙasan wata ne. Ɗaurin da aka saba, daga ta 6 zuwa ta 1, shi ne E, A, D, G, B, E.

Tsirkiyoyin ƙarfe shida in an ɗaure su haka, jan da su ke yi wa jita ya kai wajen kilo 70, nauyin babban mutum ke nan. In kin murɗa kunnuwan kin saukar da kowace taki ɗaya, jan ya kan ragu da wajen kashi 11 cikin 100. In taki biyu ne, wajen kashi 21, watau kilo 70 ya komo kamar 55. Dalili kuwa, yawan kaɗawar tsirkiya shi ke ba da murya. Mai kaurin nan tana kaɗawa wajen sau 82 a daƙiƙa in tana E, in ta sauko D sai wajen sau 73, kuma ƙarfin ja ya fi saurin raguwa bisa ga kaɗawar. Muka saukar da duka taki biyu, suka zama D, G, C, F, A, D. Kai, sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Muryata ma da ta tsufa ta sami inda za ta zauna.

Kada ku ce wannan dabarar ragwaye ce. Hendrix ya kan saukar da tasa taki ɗaya. McCartney ya saukar da taki biyu sa'ad da ya ɗauki waƙarsa Yesterday a 1965. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Tony Iommi, bahago, mutumin Barmingam ta Ingila. Yana da shekara 17 injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, hannun da ya ke danna tsirkiya da shi. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya nemi tsirkiyoyi sirara, a 1971 kuma ya saukar da ɗaurinsa har taki uku. Da wannan ya yi suna a duniya. Na ce in mai guntayen yatsu bai haƙura ba, ni mai goma cif ba ni da hujja.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In an kaɗa muryoyi uku tare, mu a gidanmu mu kan ce haɗi. Haɗin da aka fi yi, kamar na C, muryoyinsa C, E, G ne. Daga C zuwa E taki 4, daga E zuwa G taki 3, daga G a zagayo C taki 5. Kun ga rabon bai zo daidai ba, kamar a raba goro 12 a ba wannan 5, wannan 4, wannan 3. Da ganin rabo an san uwargida, kunne ma ya san inda zai zauna, hankali ya kwanta. Amma in kin ɗaga G ɗin nan taki ɗaya ta zama G#, sai rabo ya koma 4, 4, 4. Shi ne Turawa ke kira ogmented, watau haɗi mai ƙari, a na rubuta shi C+. Ba uwargida, ba amarya, kowa daidai da kowa. Kunne ya rasa wa zai gaisar da fari.

Abubuwa biyu na mamaki sun fito daga wannan rabo. Na ɗaya, kowane haɗi mai ƙari suna uku gare shi, domin C+ da E+ da G#+ duk muryoyinsu ɗaya ne. Tun da muryoyi 12 ne, kowane haɗi ya kwashe 3, ashe duk duniya iri 4 kaɗai ke akwai. Na biyu, in kin danne tsirkiyoyi da siffarsa, kika zame hannunki gurbi 4 gaba, haɗin nan dai za ki sake samu, sai dai ya ƙara tsini. Ran da na fara jinsa na ce wa yara jitar ta kwance. Yana da wani ɗaci-ɗaci, kamar mutum ya ɗaga ƙafa a bakin ƙofa bai shiga ba bai fita ba. Amfaninsa ke nan. Ba a zama a kansa, bi ta kansa a ke yi, yana sa kunne ya ƙosa ya ji na gaba. Chuck Berry na Amurka da shi ya buɗe waƙarsa School Days a 1957, ya maimaita shi da sauri kamar a na buga ƙararrawar makaranta.

Ga yadda a ke yinsa. Ki fara da siffar C: tsirkiya ta 5 a gurbi na 3, ta 4 a gurbi na 2, ta 2 a gurbi na 1, ta 3 da ta 1 a sake, ta 6 kuwa ba a taɓa ta. Domin ya zama mai ƙari, sai ki danne ta 3 a gurbi na 1. Daga nan ki matsar da ita gurbi na 2, ki ji yadda numfashi ke sauka. Wahalar ita ce yatsa manuni shi kaɗai zai kwanta a kan ta 3 da ta 2, ya kuma bar ta 1 ta yi ƙara. A nan sassautawa ta yi rana, domin danne tsirkiya biyu masu tauri da yatsa guda ba wasa ba ne.

Babbar ta yi mako guda tana fama. Ita siraran tsirkiyoyi ke kusa da tafin hannunta, sabo da haka da ta kwantar da manuni sai cikinsa ya taɓa ta 1 ya kashe mata murya. Ran nan ta gaji ta ajiye. Auta ta ɗauka a juye, ta kwantar da yatsanta, ta kaɗa, sai ga muryoyi biyar tangaran. Mu duka muka yi tsit. Da na duba sai na gane dalili. Ita ta wajen masu kauri yatsanta ke shigowa, kansa ya tsaya a kan ta 2, bai kai ga ta 1 ba. Ta 5 da ta 4 da ya kwanta a kansu kuwa an riga an danne su a gaba, bai rage su da kome ba. Abin da ya gagari mai hannun dama, ga bahaguwa ya zo a sauƙaƙe. Babbar ta ce, "Auta, yaya kika yi? Nuna mini." Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa jin an ce ta nuna wa wani abu da hannunta ba.

Saura guda. A faifan tsohuwar nan na 1958 akwai wani kiɗa mai suna Vastopol, wanda a ke yi da wani ɗauri dabam. A na saukar da ta 6 da ta 2 da ta 1 taki biyu biyu, ta 3 taki ɗaya, a bar ta 5 da ta 4 yadda aka saba. Sai su zama D, A, D, F#, A, D. In kin kaɗa su a sake, ba ki danna kome ba, haɗin D ne cikakke. Muka gwada. Auta ce ta zauna da takarda tana lissafi, ta ce, "Inna, in muna son mai ƙari, A za mu ɗaga, A kuwa biyu ce, ta 5 da ta 2." Muka danne su a gurbi na 1, sai ga shi ya fito. Sa'an nan ta yi tsalle ta ce mu duba da kyau. Ta 5 ita ce ta biyu daga wannan gefe, ta 2 ita ce ta biyu daga wancan gefe. Ko ta ina ka juya jitar, siffar ɗaya ce!

Jama'a, ku gwada ku gani. A kaɗa a sake, sa'an nan a danne tsirkiyoyin nan biyu a gurbi na 1, a matsa na 2, a matsa na 3, daga nan a kwantar da manuni a kan duka shida a gurbi na 5, watau haɗin G. Tun daga farko har ƙarshe hannun bahaguwa da na 'yar'uwarta abu guda su ke yi, kamar mutum da madubi. Bambancin da ya rage a hannun kaɗawa ne, domin mu babban yatsanmu a kan sirara ya ke sauka, muryar ta kan ɗan sauya launi. Muka kuma lura da wani abu. Muryoyin wannan haɗi D, F#, A# ne. Siffar C+ ɗin can kuwa, da ya ke mun saukar da ita taki biyu, A#, D, F# ta ke bayarwa. Ashe baƙon nan guda ne, riga ya sake.

Daren nan bayan sallar lisha muka zauna a tabarma, jita tana zagayawa daga cinya zuwa cinya, ba mai cewa a gyara riƙo. Da babbar ta tafi kwanciya na riƙe Auta. Na kamo hannun nan da na sha doka, na ce, "Auta, na zalunce ki. Abin da aka yi mini na rama a kanki, ke kuwa ba ki yi mini kome ba. Ki yafe mini." Ta yi shiru har na fid da rai. Can ta ce, "Inna, ke ma an ɗaure miki?" Na ce an ɗaure. Ta ce, "Da wane ɗankwali?" Muka yi dariya, muka yi kuka. Ba zan ce muku kome ya warke ba. Har yanzu in baƙo ya yi sallama, wani lokaci na kan ga hannun ya nufi mayafi, sai zuciyata ta yi zafi. Abin da aka yi shekara goma a na ginawa ba ya rushewa dare ɗaya.

Ga 'yan shawarwari ga wadda ke da jita a gida. In kin sassauta kika ji tsirkiya tana zuza a kan ƙarafa, ta yi sako-sako da yawa, ki ɗan ɗaga ta, ko ki nemi masu ɗan kauri. In kin sauya ɗauri ki bi su sau biyu ko uku, domin sassauta ɗaya ya kan motsa sauran. Lokacin hunturu ki sa ta cikin jakarta, nesa da rana da murhu, don bushewar iska tana tsaga katako. In littafin koyo ya rikita ki, ki bar hoton, ki rubuta lambar tsirkiya da lambar gurbi. Haɗi mai ƙari kuwa kamar kanwa ya ke a miya, kaɗan ta isa.

Babbar shawarata ga iyaye mata ce. Masana sun ce cikin kowane mutum 10 wajen 1 bahago ne, kun ga ba ƙaramar jama'a ba ce. Ci da sha da gaisuwa da miƙa wa mutane abu, waɗannan da dama a ke yi, haka addini da ladabi suka koya mana, ni da Auta ma haka mu ke yi, kuma yaro yana koyonsu da lallashi ba sai da bulala ba. Amma rubutu da ɗinki da yanka da sauran sana'ar hannu, ku bar yarinya da hannun da Allah ya ƙarfafa mata. Ga maƙwabtanmu a Nijar akwai Mdou Moctar, Ba'abzine, bahago, wanda ya harhaɗa jitarsa ta fari da katako da wayar birkin keke, ya zo ya zaga ƙasashen duniya da hagunsa. Ku kuma 'yan makaranta, in kun ga wata tana rubutu da hagu, ku matsa mata ta zauna a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannu ta yi karo, ku bar dariya.

Jitar Yaya yanzu ta bar bayan kabad, tana jingine kusa da keken ɗinkina. Na so a ce yana da rai ya ga riƙon baibai ɗin nan. Na san da zai yi dariyarsa, sa'an nan ya ce a nuna masa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon ganin tudun da mu ke tsaye a kai. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.